Ranar da Aka Naɗe Inuwar Barira

A Birnin Shuɗi, wanda ba ya bayyana sai ga mutumin da ya ɓata hanya sau uku a yini ɗaya, akwai wata makaranta da ake koya wa yara hatsabibanci. A aji ɗaya ana koyon magana da tsuntsaye, a aji biyu ɗaure hadari, a aji uku tafiya a kan hayaƙi. Barira tana aji biyu, shekarunta goma sha biyu, kuma duk makarantar babu wanda ya kai ta rashin magana. Ko tsuntsayen da aka ba ta don ta yi hira da su sai da suka kai ƙararta wurin shugabar makaranta, Inna Gaje, wai su kaɗai suke ta zuba.

Wata Laraba, rana ta take tsaka, ɗalibai suna tsakar gida suna cin ɗanwake, sai kaji suka yi tsit. Wata mata ta fito daga jikin bangon ɗakin karatu, ba ta ƙofa ba. Doguwa ce, da zanen saƙi irin na mutanen da, da faifai a hannunta, kuma ana hango randar da ke bayanta ta cikin jikinta. Duk wanda ya kwana biyu a makarantar ya ji labarin fatalwar Tabawa, wadda takan zo sau ɗaya a shekara ashirin, da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ta takure ƙarƙashin ƙafarsa ta yi daidai naɗewa. Amma ji daban, gani daban.

Kowa ya watse, kwanuka suka kife. Barira ta so ta gudu, ƙafa ta ƙi. Fatalwar ta zo ta durƙusa gabanta, ta leƙa fuskarta, ta daɗe tana kallo. Bakinta ya motsa kamar za ta faɗi wani abu, sai ta kau da kai. Ta sa yatsu biyu ta ɓanɓare inuwar Barira daga ƙasa kamar mai ɓanɓarar ƙanzo, ta ninke ta gida huɗu, ta ɗora a faifai, ta koma cikin bango.

Barira ta dubi ƙasa. Ga inuwar randa, ga ta turmi, ga ta kwanon ɗanwakenta, amma ƙarƙashin ƙafarta fayau. Ta ɗaga hannu ta ga hasken rana yana ratsa tafinta kaɗan kaɗan.

Inna Gaje ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce wanda aka ɗauke wa inuwa dusashewa yake yi, kuma idan rana ta faɗi ba a ƙara ganinsa. An yi wa yara tara haka kafin ita, dukansu mata, dukansu 'ya'yan fari. Malamai sun gwada turare, sun gwada layu, sun gwada roƙo, fatalwar ba ta taɓa amsa wa kowa ba, kuma babu wanda ya san abin da take nema. Hanya ɗaya ta rage. A bayan makaranta akwai wani tsohon karofi, wurin rinin mutanen da, kuma rijiyarsa ta tsakiya ba zane take rinawa ba, cikin shekaru take tsoma mutum.

"Ki je ki ga ranar da abin ya sami Tabawa," in ji Inna Gaje. "Da zan iya da na je da kaina, amma ruwan ba ya karɓar mai furfura. Kuma ba a shiga mutum ɗaya."

Kafin ta rufe baki sai ga kan Nomau ta taga. Ɗan ajinsu Barira ne, auta a gidan mutum goma sha ɗaya, ya saba faɗawa cikin abin da ba a gayyace shi ba. Ya ce shi zai bi ta, ba don tausayi ba, sai don in Malama Shiru ta ɓace bai san takardar wa zai leƙa ranar jarrabawa ba. 

Da suka isa bakin rijiyar, ruwan ya tafasa ba wuta, kumfa ta taru ta yi tsiri, ta zama wani tsohon aljani mai gemun kumfa, yana riƙe da muciya wadda ta fi giginya tsawo.

"Aminci ga mai inuwa da wadda ba ta da ita," in ji shi. "Ni ne Zarnaƙau, Sarkin Karofi. Me ya kawo 'ya'yan Adamu bakin ruwan da ba a sha?"

Barira ta durƙusa. Muryarta ta fito 'yar siririya. "Ranka ya daɗe, ranar Tabawa muke nema."

"Ku saurara, don ba na maimaitawa. Ni marini ne, shekaru a wurina zane ne. Tsomi uku zan yi muku, kowane tsomi shekara saba'in. Tsakanin tsomi da tsomi zan ɗaga ku ku sha iska, yadda ake yi wa zane, domin wanda bai sha iska ba wucewa yake har zamanin da ba a shimfiɗa ƙasar takawa ba. Ga wannan zanen turkuɗi, ku riƙe bakinsa biyu, kada ɗayanku ya saki. Duk wanda ya kira ku a hanya, kada ku amsa. Ranar da kuka baro a nan ita ce za ta faɗi a can, ba za a ƙara muku ko ƙiftawar ido ba."

Bai jira godiya ba. Ya sa muciya ya danna su ciki.

Ruwan ba sanyi ba zafi, sai warin toka da baba. Barira ta ga damina da rani suna wuce ta a guje kamar kifaye. Da aka ɗaga su, jikinsu kore shar, suna shan iska suna komawa shuɗi. Karofin da suka bari kango ga shi cike da marina, ana ta buga zane ana waƙa. A gefe wata yarinya 'yar shekara shida, da majina har leɓe, tana ta tsala kuka saboda ta yi kuskuren karatu ta mayar da kunnenta na jaki. Wata mata ta leƙo ta katanga ta ce, Gaje, in ba ki yi shiru ba ɗayan ma zai bi sahu.

Nomau ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya nuna yarinyar, ya dubi Barira, dariya ta ƙwace masa har turkuɗin ya fara zamewa daga hannunsa. Barira ta cafke wuyan hannunsa daidai lokacin da muciya ta sake danna su.

Ɗagawa ta biyu ba su ga karofi ba, ba su ga birni ba. Fili ne fari fat kamar an shanya gishiri, da rana biyu a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma, ta yadda babu abin da ke da inuwa. 'Yan mata tara suna tsaye kewaye da bakin rijiyar, sirara kamar hayaƙin turare, ba sa ƙifta ido. Barira ta ƙirga su sau biyu, ta ga tsakanin ta farko da ta ƙarshe an bar gurbin mutum ɗaya. 

Sai kira ya fara. Nomau ya ji muryoyin yayyensa goma suna cewa ya zo an sauke tuwo za a cinye ba shi. Ya cusa bakin turkuɗi tsakanin haƙora, ya toshe kunnuwansa da yatsu.

Barira kuwa murya ɗaya ta ji, daga can bayan 'yan matan, mai taushi, wadda ta sani tun kafin ta san komai.

"Barira. Barira, zo nan 'yata."

Muryar Ummanta ce, har da 'yar dishewar da take yi in ta sha hayaƙin murhu. Barira ba ta san lokacin da ta dafa bakin rijiyar ta fitar da ƙafa ɗaya ba. Amsa ta taso mata har maƙogwaro. Daɗin kiran ne ya tsayar da ita, don ya yi yawa. Ta tambayi kanta me ya sa sunanta ya zama baƙo a kunnenta haka, sai ta gane: ba ta taɓa jin sa cikin wannan muryar ba. Ita 'yar fari ce. Umma takan ce mata ke, ko yarinyar nan, ko ta ce wa ƙanen Barira kira min waccan. Shekara goma sha biyu, ko da kuskure sunan bai taɓa fita daga bakinta ba.

Ta janye ƙafarta, hawaye na zuba. Nan take muryar ta rikiɗe ta zama gurnani, farar ƙasar ta tsage daidai inda za ta taka, wani baki mai haƙora jeri uku ya datse iska. Muciya ta danna su.

Ɗagawa ta uku ta same su a wani ƙauye mai ɗakunan ciyawa, rijiyar rini ɗaya tal a gindin wani rimi. La'asar ta yi. Nomau ya dubi Barira ya yi saurin kau da kai, don yana ganin rumbun da ke bayanta ta cikin ƙirjinta.

Gidan da ke kusa cike yake da jama'a, ana taron suna. Suka fito riƙe da turkuɗinsu suka raɓe jikin danga. Mata suna ta kai da kawo da ƙoren tuwo, tsofaffi sun jeru a tabarmi, a tsakiyarsu wata dattijuwa mai farin mayafi wadda kowa ke durƙusa mata. Can Barira ta hango mai jegon a bakin ɗaki, an yi mata lalle, tana murmushi tana sunkuyar da kai. Tabawa ce, da jini da tsoka, ba ta fi shekara talatin ba.

Wata yarinya tsarar Barira ta fito daga madafa da ƙwaryar ruwan zafi, ta nufi bayan danga ta watsa shi a gindin rimi, ta juyo abinta. Ba ta yi taku uku ba ƙasa ta yi ƙara. Guguwa ta miƙe daga gindin rimin, baƙa ƙirin, ta kwashi faya-fayai da tabarmi da kaji biyu, ta sure yarinyar ta yi sama da ita har ta wuce kan bishiyar. A cikin ƙurar fuska ta bayyana, mai faɗin ɗaki.

"Ya ku mutanen wannan gida, ni ne Balbalu, maƙwabcinku da ba ku gani. Shekara ɗari ina gindin rimin nan ban taɓa muku ko tsinke ba. Yau 'yarku ta watsa wa jaririna ruwan zafi, ba bisimilla, ba gafara. Hakkina ne in tafi da ita. Amma ba a san ni da zalunci ba. Wadda ta haife ta ta kira ta da sunanta na yanka sau uku, in sauke ta. Na ba ku har inuwar rimi ta taɓa rumbu."

Tsakanin inuwar da rumbu bai fi taku biyar ba.

Duk idon da ke gidan ya koma kan Tabawa. Ta miƙe, ta fito tsakar gida tana tangaɗi, ta ɗaga hannuwa sama. Bakinta ya buɗe.

"Ke," in ji ta. "Ke, sauko."

Mata suka hau salati. Wasu na cewa ta faɗa mana, ai rai ya fi komai; wata tsohuwa na gunaguni cewa ita dai tun da take ba ta taɓa jin an yi ba. Tabawa ta dubi dattijuwar mai farin mayafi, ta dubi sama, ta sake buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, yarinyar nan. Barira ta ga leɓunanta suna motsi irin motsin da suka yi ɗazu a tsakar makaranta, ta ga ta kau da kai irin waccan kauwar. 

Nomau bai iya jira ba. Ya ja Barira suka faɗa tsakar gidan, shuɗaye tun daga gashi har farce, mata suka dare. Ya tambayi wata mai ɗauke da tulu sunan yarinyar, ta ce Tsahara. Ya ɗaga kai ya ƙwala shi sau uku da dukan ƙarfinsa.

"Kai da ba a haifi kakan kakanka ba," in ji Balbalu, "kai ne ka yi naƙudarta?"

Guguwar ta ƙara tsawo, inuwar rimi ta yi tsalle taku biyu. Nomau ya rikice, ya karanta abin da aka koya musu na ƙara murya, ya yi shela wadda ta kai gonaki, yana kiran duk mai rai ya zo a taya uwar nan baki. Maza suka bar fartanya suka rugo, maƙwabta suka hau danga, har masu kiwo suka leƙo. Da'ira ta ƙara kauri, kowa na cewa faɗi, faɗi. Tabawa ta durƙushe ta rufe fuska da hannu biyu.

Barira ta san wannan durƙushewar. Ta san yadda maƙogwaro ke rufewa in idanu sun yi yawa, yadda kalma ke tsayawa kamar ƙashin kifi, da yadda ƙarfafawar mutane ke ƙara danna ta ciki. Ta kuma tuna cewa Ummanta ba ta shafa mata kai sai in ta tabbata babu mai gani.

Ta ce wa Nomau ya yi shiru, ya riƙe bakinsa na zanen da kyau, ya zagaya bayan matar. Suka ɗaga turkuɗin suka lulluɓe Tabawa, Barira ta shige ciki, ta bar Nomau a waje yana danne gefe da gwiwa. Hayaniya ta yanke kamar an rufe tulu. A ciki babu komai sai shuɗin duhu da numfashin mutum biyu.

"Inna," in ji Barira, "babu kowa a nan."

Tabawa ta buɗe ido. "Ke fa?"

"Ni ba a haife ni ba tukuna. Kallona ba kallo ba ne."

 Da matar ta yi magana, a hankali ta yi. Ta ce yarinyar 'yarta ce ta fari, kuma ba shi ke nan ba, sunan uwar mijinta aka sa mata, ga ta can zaune da farin mayafi. Ta ce ko a cikin zuciyarta ba ta cika faɗarsa ba, ba ta ma san ko harshenta ya iya ba.

"Idan ba ki faɗa yau ba," in ji Barira, "za ki yi shekara ɗari biyu kina nemanta, kina leƙa fuskar 'ya'yan mutane, kuma ba za ki iya tambayar kowa ba, don ba za ki iya cewa wa kike nema ba. Na gan ki, Inna. Ni ce ta goma da kika leƙa."

Ta ɗaga hannunta tsakaninsu. Tabawa ta ga zaren zanen ta cikin tafin yarinyar, ta ja numfashi.

"Tsahara," in ji ta, da raɗa, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi.

Daga can sama aka ce, ɗaya.

"Tsahara."

Biyu. Nomau ya sa baki ta gefen zanen ya ce saura tafin hannu inuwa ta taɓa rumbu. Tabawa ta miƙe a kan gwiwoyinta, ta cika ƙirji, na ukun ya fito da ƙarfin da ya kumbura turkuɗin kamar tantin fatake, ya kori tsuntsaye daga rimi.

"Tsahara!"

"Na ji, kuma na cika alkawari," in ji Balbalu. "Ku koya wa 'ya'yanku neman gafara."

Iska ta ɗaga gefen zanen, aka turo yarinyar ciki, da ciyayi a gashinta. Tabawa ta rungume ta, tana shinshinar kanta, tana laluba hannuwanta da ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, tana maimaita sunan a kunnenta ba adadi. Barira ta juya musu baya.

Da aka yaye turkuɗin, jama'a suka ga Tabawa tsaye taku biyu daga 'yarta, tana gyara ɗaurin zane, idonta na kan wani abu can wajen madafa.

"Ke," in ji ta, "ina ƙwaryar da na aike ki da ita?"

Kowa ya saci kallon dattijuwar mai farin mayafi. Ita kuwa ta ɓare goro ta jefa a baki, ta ce wa ta kusa da ita kwanan nan kunnenta ya yi nauyi, ko tsawa aka yi ba ta ji, a miƙo mata tuwonta kafin ya huce.

Ƙugiyar muciya ta saƙalo turkuɗin, aka fizge su ja ɗaya. Shekaru ɗari biyu da goma suka wuce su kamar an yaye labule. Suka zube a bakin rijiyar tsohon karofi suna tari. Zarnaƙau ya karɓi zanensa, ya matse shi, ya ce musu farin filin nan ya zama wayam, babu wadda ta taɓa tsayuwa a cikinsa. Ya narke ya koma kumfa.

Inna Gaje tana tsaye da sanda, tana tambayar wanda ya ba su izinin wasa a karofi, da dalilin da ya sa suka koma kalar zanen amarya. Nomau ya fara bayanin fatalwar Tabawa, ta ce wace Tabawa, shekararta saba'in da shida a garin nan ba ta taɓa jin wata fatalwa ba. Nomau ya tsaya yana kallon kunnenta har sai da ta ɗaga sandar.

Barira ba ta jin su. Rana ta kai bakin ganuwa, ja wur, saura kaɗan. Ta kasa duban ƙasa. Ta rufe ido, ta juya wa ranar baya, ta buɗe ɗaya.

Ga ta nan, manne da diddigenta, doguwa siririya, ta ratsa karofin ta hau katanga. Da alamar ninki huɗu a jikinta, kamar zanen da ya daɗe a adaka. Barira ta ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga.

Magariba ta gabato, Inna Gaje ta tasa Nomau gaba, amma Barira ta ce a bar ta tukuna. Ta tsaya nan tana kallo har ranar ta nutse, inuwar katanga ta haɗiye tata, ta haɗiye ta rijiya, ta haɗiye komai. Ta ƙirga zuwa ɗari. Sannan ta mintsini hannunta da ƙarfi, ta ji zafi, ta ji sauro ya sauka a ƙafarta yana cizo, ta bar shi ya sha ya ƙoshi.